Kukan Mai Haƙar Rijiya da Ƙasa Ta Karya wa Baya

Zuwa ga Mai Girma Shugaban ofishin da ke kula da ma'aikatan rijiyoyin gwamnati.

Gaisuwa mai yawa da ladabi da biyayya. Allah ya ja zamaninka, ya ƙara maka lafiya. Bayan haka, sunana Sule, mutumin Lausu a ƙasar Rano. Maƙwabcina Malam Idi, wanda ya koyi boko a ajin yaƙi da jahilci, shi ke rubuta abin da nake faɗa, ni kuwa ina kwance. Na roƙi a buga wannan a jarida ne domin na rasa ƙofar da zan bi ka ji ni.

Na farko. Tun ina saurayi, zamanin Turawa, aka ɗauke ni lebura a ayarin masu haƙar rijiya. Daga Rano har ƙauyukan Kibiya, da wuya a sami unguwar da ban shiga ƙarƙashinta da diga ba. Ni ake zurawa idan an iske dutse, domin jikina ƙarami ne kuma ba na jin tsoron zurfi. A bazarar bana, wadda ta biyo bayan samun 'yancin kai, muna ɗaure wata rijiya da siminti a gabashin Kibiya, sai gefenta ya rufto mini. Abokan aikina suka tono ni da hannuwansu, Allah ya saka musu. Na fito da raina, amma daga ƙugu zuwa ƙasa ban sake jin komai ba har yau.

Na biyu. Helumanmu, wato shugaban ayarinmu, Allah ya ji ƙansa, ya ce in kwantar da hankalina, akwai dokar da ta ce a kula da wanda aiki ya nakasa. Ƙanena Habu ya ɗora ni a kan jaki ya kai ni wurin akawu a Rano. Akawun bai wulaƙanta ni ba, har ruwa ya sa aka ba ni. Amma ya ce fansho na ma'aikacin dindindin ne, ni kuwa leburan yini ne, kowace safiya sabon ɗauka nake a idon hukuma. Ranka ya daɗe, furfura ta fito mini a cikin rijiyoyinku. Ta yaya na zama sabon ɗauka?

Na uku. Daga baya Habu ya ji a rediyo a kasuwar Kibiya cewa gwamnatinmu ta kafa asusun da ma'aikaci zai riƙa ajiya saboda tsufa da nakasa, har da irinmu. Ya dawo da gudu, ya ce, "Yaya, naka ya zo!" A ranar, matata Hauwa ta yi guɗa a tsakar gida. Da Habu ya je ya tambaya, aka ce asusun na waɗanda ke bakin aiki ne yanzu. Dokar Turawa ta ce ban kai ba, dokar 'yan'uwanmu ta ce na makara. To, ni na wace doka ne?

Na huɗu, ga halin da gidana yake ciki. Hauwa ce ke ɗaga ni, ita ke juya ni, ita ke wanke ni kamar jinjiri. Bayana ya yi gyambo saboda kwanciya, yana wari, har 'ya'yana biyu sun koma cin tuwo a ƙofar ɗaki. Ba na ganin laifinsu. Disfensa ya duba ya ce wannan ya fi ƙarfinsa, sai babban asibiti a birni, kuma kada a sake ɗora ni a jaki. Hauwa tana da tsohon ciki. Shekaranjiya ta tallabo ni za ta gyara mini tabarma, ƙafarta ta zame, muka zube tare. Ta daɗe a ƙasa tana riƙe da mararta, ni ina kallonta, ko matsawa kusa da ita na kasa yi. Habu ne ke noma mini gona bayan ya gama tasa, shi ma ƙarfinsa ya ƙare. Dangi sun ce a sayar da gonar a kai ni asibiti. Na hana, domin ita kaɗai zan bar wa yaran nan, kuma ina ta ce wa dangin gwamnati na tafe.

Abin da nake roƙo, don Allah don Annabi: a aiko da mota ta kai ni asibiti kafin Hauwa ta haihu. A dubi iyalina da ɗan hatsi har kaka ta yi. A kuma gyara dokar nan saboda abokan aikina da ake zurawa cikin rami har gobe, waɗanda ba su san matsayinsu ba sai ranar da ƙasa ta rufto.

Idan kuwa babu abin da za a yi mini, a daure a aiko ko da masinja ne ya faɗa mini a fili. Zan kira Habu in ce ya nemo mai sayen gonar.

Allah ya tsare ka da zuriyarka daga kwanciyar da sai an juya mutum. Allah ya sa ka gama lafiya.

Wassalam.

Ni ne talakanka,
Sule mai haƙar rijiya, Lausu.