Jirgin da Baban Amira Ya Zaɓa

Assalamu alaikum Yaya Binta,

Ya gida, ya yara, ya ƙafar Inna? Allah ya ƙara sauƙi. Mu nan Manchester lafiya lau, sai sanyi.

Rigimar jirgin ruwan nan ta ƙare, alhamdulillahi. Kin san Baban Amira da abokinsa na Birmingham sun nace sai sun haɗu sun sayi irin mai tafiya da iska, ana cikin wannan rage ma'aikata! Biyu suka gani a bakin teku, wani siriri mai gudun tsiya, wani tsoho mai faɗi kamar ƙwarya. Siririn suke so. Ni kuwa hankalina ya tashi, mutumin da ko iyo bai iya ba.

Ranar da muka je dubawa, azahar ta riske mu cikin siririn. Ya miƙe zai ta da kabbara, sai kansa ya daki rufi, ƙum! Ya ce, "Jirgin da ba zan tsaya wa Ubangijina a ciki ba, ba nawa ba ne." Tsohon suka ɗauka, kuma ba ya tangaɗi sosai.

Na yi ta magana har bakina ya bushe, ashe rufi yake jira ya gaya masa.

Ki gaida Inna, kada ta sassauta addu'a. Iyo dai har yau bai koya ba.

Ƙanwarki,
Hajara