Ciwon Gidan su Rigoberto

Báguanos

Yaya Zoraida,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kina lafiya ke da ɗalibanki. Ƙaninki Rigoberto bai san na rubuto miki ba.

Tangaɗinsa kin san shi, ciwon Baba ne ya gada, har yaran unguwa sun daina ce masa mashayi. Amma wani abu ya ƙaru. Ran Lahadi ya ce shi zai dafa mana wake. Na tarar da shi tsaye da albasa a hannu, tukunya na ƙonewa babu ruwa. Ya ce, "Dayamí, na san duk abin da ake zubawa, na farkon ne ya ɓace min."

A teburin wasan domino kuma, shi da kan san abin da ke hannun kowa, yanzu kuskure yake ta yi. Abokinsa Chicho ya ce, "Rigo, koma alƙali mana, ka bar wa yara wasa." Sai ya kifar da teburin. Rigo fa, da ko kare bai taɓa daka wa tsawa ba!

Likita a Holguín ta ce ciwon yakan taɓa tunani ma. Don Allah ki zo.

Matar ƙaninki,
Dayamí

Camagüey

Dayamí,

Na amsa gaisuwarki. Maganar likitarki kuwa ban karɓa ba. Ni na yi jinyar Baba har ƙarshe. Ƙafa ta tafi, harshe ya yi nauyi, amma da hankalinsa garau ya rasu. Ciwon gidanmu a jiki yake tsayawa. Idan gajiya kika yi, ki faɗa, kada ki mayar min da ƙani mahaukaci. Jarrabawa ta gabato, ba zan samu zuwa ba.

Ki huta lafiya,
Zoraida

Báguanos

Yaya,

Ina gaisuwa. Na gaji, ba na musu, amma ban ce mahaukaci ba. Ya san ni, ya san ranar haihuwarki, kuma ya san abin da ke samunsa, nan ne zafin. Jiya ya ba Chicho haƙuri yana kuka. Da muka dawo gida ya ce, "Ƙafa na ba su ban yi gardama ba. Ashe har da kan za su karɓa?" Ke yake ta tambaya.

Taki,
Dayamí

Camagüey

Ƙanwata Dayamí,

Ki gafarta min wasiƙar baya. Tsoro ne ya rubuta ta.

Tun damina nake dafa bango idan zan shiga aji. Na ce ba komai, a kan kujera ma ana koyarwa, muddin kai na aiki. Makon jiya ina tsakiyar lissafi a allo, wanda na shekara da shekaru ina koyarwa, sai na rasa abin da ke biyo baya. Wata ɗaliba ta faɗa min a hankali.

Baba ma, da na zauna na tuna, akwai ranakun da muke cewa rigimar tsufa ce. Alhali lokacin bai kai shekara hamsin ba.

Kada ki gaya wa Rigo.

Yayarki,
Zoraida

Báguanos

Yaya,

Ban gaya masa ba. Shi ya ga ambulan ɗin wasiƙarki, ya daɗe yana kallon rubutunki, ya ce, "Hannunta ya fara." Ya sa Chicho ya kafa ƙarfen riƙewa a bangon ɗakin baya, inda za ki sauka.

Motar Asabar tana tsayawa a ƙofar gida. Kada ki ɗauko kaya masu nauyi.

Sai kin iso,
Dayamí