Zinaren Babana a Haƙorin da Ya Mutu

Anti Lesieli, don Allah ki taimake ni, na rasa wanda zan faɗa wa. Daga tsibirin Vava'u nake rubuto miki, kuma ki sakaya sunana, don garinmu ko atishawa ka yi sai kowa ya ji.

Shekara uku ke nan da rasuwar babana. Da aka gama zaman makoki, yayarsa, Goggo Melenaite, ta kai zoben aurensa aka narkar, ta zaɓe ni cikin mu shida aka liƙa mini zinaren a haƙorin gaba na sama. Ranar na yi kuka don daɗi. Ke ma kin sani, abin da goggo ta yanke ba mai tayar da shi.

Bara haƙorin ya fara tsami in na sha ruwan sanyi, daga baya ya koma zugi har cikin kai. Na tauna kanumfari, na sha ƙwayoyi har cikina ya lalace. Goggo ta ce Baba ne ke ƙorafi, mun bar ciyawa ta cinye kabarinsa. Muka fita gaba ɗaya muka nome, muka zuba sabon farin yashi. Bayan kwana biyu ciwon ya ɗauke cak. Har addu'ar godiya aka yi a coci.

Amma Anti, haƙorin sai duhu yake yi. Wani ƙurji ya fito a dasashi, yana fashewa yana dawowa, bakina na wari. Wadda muke tsayawa tare a waƙar coci ta fara matsawa gefe. Da na je babban birni, Nuku'alofa, na saci jiki na ga likitan haƙori. Ya ɗauki hoto, ya ce ruɓa ta shiga ƙarƙashin zinaren, jijiyar ta mutu, mugunya ta taru a tushe. Dole a ɓamɓare zinaren, a huda haƙorin a wanke cikinsa, ko kuma a cire shi ɗungurungum. Na ce zan dawo, na gudu.

Da na gaya wa Goggo, ta ce wai likitoci in ban da huda ba abin da suka iya, kuma cire zinaren nan daidai yake da tono ƙaninta daga kabari. Ta ce in na yi, kada in ƙara taka mata ƙofa. Wata maƙwabciya kuma ta ce da ranka ake zaro jijiyar kana ihu. Tun Laraba gefen hancina ya kumbura. Tsoro nake ji, kuma ina jin kamar zan ci amanar Baba. Ya zan yi?

Mai Rufe Baki da Hannu, Vava'u

Ƙanwata,

Bari in fara da mai ɗacin. Ciwon bai ɗauke don kin warke ba, ya ɗauke ne don jijiyar da ke jin zafin ta mutu. Gyaran kabari abu ne mai kyau, amma ranakun ne kawai suka zo daidai. Cutar tana nan tana cin ƙashi a hankali, kuma kumburin nan shi ne alamar ta fara neman hanyar fita.

Maƙwabciyarki ta tsorata ki a banza. Za a yi miki allura wurin ya mutu, a shimfiɗa wata 'yar roba a ware haƙorin, a yi ƙaramin rami ta bayansa. Da wasu siraran ƙarafa za a kwashe abin da ya ruɓe, a wanke, a sa magani, a toshe na wucin gadi. Za ki ji ƙarar inji da dannawa, muƙamuƙinki zai gaji, don zaman yakan kai awa guda. In kin ji zafi ki ɗaga hannu a ƙara allura, wurin da ke da mugunya wani lokaci yakan yi taurin kai. Yawanci zuwa biyu ne ko uku kafin a cike ramin a sa wa haƙorin hula, wato murfin da zai kare shi. Zai yi tsami na 'yan kwanaki, kada ki yi cizo da shi. Ba zan ɓoye miki ba, wani sa'in aikin ba ya ci, sai an cire. Kowane mako kika ƙara, can kike matsawa.

Goggonki ba muguwa ba ce. Ƙaninta ta rasa, kuma duk sanda kika yi murmushi shi take gani. Ki roƙi likita ya sa miki zinaren a hannu, ko ɓurɓushi ne. Ki kai mata da kanki, ki zauna a ƙasa, ki ce ta yanke abin da za a ƙera da shi. Wataƙila ta sauko, wataƙila ta ɗauke miki kai shekara guda. Ki daure.

Amma izininta kada ki tsaya jira. Ki kama jirgin farko zuwa Nuku'alofa, wurin likitan. In kumburin ya doshi ido, ko zazzaɓi ya zo, ko haɗiya ta yi wuya, asibitin da ke kusa da ke za ki nufa a ranar, don irin wannan yana kisa. Gara ta yi fushi da ke tana ganinki a coci duk Lahadi, da ta sake ɗaura tabarmar makoki a ƙugu, kamar yadda muke yi in an yi rasuwa, saboda 'yar ƙaninta.

Allah ya ba ki lafiya, ya sanyaya zuciyar goggonki.

Anti Lesieli