'Yar Mai Guga

Litinin, 7 ga Fabrairu, 1994

An tabbatar. Ni, Malka Rozenwajn, shugabar jami'a. 'Yar jarida ta zo ofis, ta tambaye ni gidan da na fito. Na ce mahaifina ɗan kasuwar tufafi ne, kuma Turanci muke yi a gida. Ban san lokacin da maganar ta fita ba. Shekara talatin da ɗaya Baba yana riƙe da dutsen guga a wata masana'anta a Flinders Lane. Ni kuma sai da na shiga firamare na fara jin Turanci. Wai kuma ni ce malamar tarihi.

Asabar, 12 ga Fabrairu

Sun buga. Har da hotona, ina murmushi.

Lahadi, 13 ga Fabrairu

Ƙanena Berel ya bugo waya. Abokan Baba sun karanta wa Baban labarin a shagon shayinsu na Acland Street, layi-layi, suna fassara masa da Yidish, yarenmu na Yahudawa. Wai tsoho Fiszel ya miƙe ya cire masa hula, ya ce ashe shekara arba'in suna shan shayi da attajiri ba su sani ba.

Na ce Baba fa, me ya ce?

"Dariya ya yi tare da su. Sai ya bar shayinsa ya tafi gida."

Juma'a, 18 ga Fabrairu

Cin abincin daren Shabbat, ranar hutunmu ta Yahudawa, a gidan Baba. Na kunna kyandir kamar yadda nake yi tun rasuwar Mama. Ya yi addu'a a kan burodi, sannan ya juyo da Turanci. Turancin nan nasa mai ɗingishi, wanda ba ya fito da shi sai gaban likita.

"Berel, miƙa wa Farfesa gishiri. Farfesa, miyar ta yi? A yi haƙuri, miyar talakawa ce."

Na ce masa da Yidish, Baba don Allah ka bari. Ya ce, "Wane yare ne wannan? A gidan nan Turanci muke yi. Jarida ta faɗa."

Har muka tashi bai sauya ba. Mutumin da a yaƙin duniya aka kashe duk wanda ya yi yaren nan da shi a ƙuruciya, uwa da uba da ƙanne huɗu, ya tsallako teku da shi a bakinsa. Ni na sa ya ajiye shi.

Talata, 22 ga Fabrairu

Na ɗauki waya sau uku. Na ajiye.

Alhamis, 3 ga Maris

Na ƙara sakin layi a jawabin ranar rantsarwa. Gaskiyar duka: gugar, tururin da ya cinye masa fatar hannu, yadda yake karanta min sakamakon jarrabawa da yatsa. Na karanta wa Berel. Ya ce, "Yaya, rubutu kin iya tun da. Faɗar ce."

Laraba, 9 ga Maris

An rantsar da ni. Baba ya zo, cikin kwat ɗinsa ta bikin aurena, karin wandon kamar wuƙa.

Da na iso sakin layin, na ɗaga kai na ga shugaban majalisar jami'a da matarsa da manyan baƙi a sahun gaba. Na juya shafin. Na tsallake. Aka yi tafi.

Wajen shan shayi shugaban majalisar ya riƙo hannun Baba, ya ce, "A'a, kai ne babban ɗan kasuwar tamu! Kantuna nawa?"

Baba ya dube ni. Sau ɗaya. Sannan ya ce, "Biyu, ranka ya daɗe. Na sayar, tsufa ya zo."

Ban taɓa jin ya yi ƙarya ba. Ko a gaban jami'an shige da fice bai yi ba, Mama ta sha ba mu labari. Yau ya yi, don kada a kama 'yarsa. Na shiga banɗaki da rigar girma a jikina, na daɗe.

Alhamis, 10 ga Maris

Furanni sun cika ofis. Na ce a rarraba wa ma'aikata.

Litinin, 14 ga Maris

Taro da shugabannin tsangayoyi. Ana tsaka da shi sakatariyata ta leƙo, wai mahaifina na kan waya, ya rasa takardar maganinsa. Na ce ta haɗo nan. Mutum tara a teburin. Da Yidish na yi masa magana, na ce ya duba bayan rediyo. Ya fi sauri ne kawai, ba wani abu ba.

Shugaban tsangayar shari'a ya tambaya ko Jamusanci ne. Na ce a'a, yaren gidanmu ne, mahaifina mai guga ne, ba ya jin daɗin Turanci. Ya ce to, muka koma kan jadawalin karatu. Ba wanda ya suma.

Ashe ban ajiye wayar daidai ba, Baba ya ji komai. Da yamma Baba ya sake kira, da Yidish. Bai tayar da maganar ba. Cewa ya yi, "Malkele, ke da duk digirorin nan, har yanzu ba ki iya faɗin 'rediyo' kamar mutum ba?"

Juma'a zan je da wuri.