Gawon da Ka Sare

Zuwa ga Yaya Garba,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka a inda kake kwance, Allah Ya yalwata maka wurin. Ni ne Audu ƙaninka. Malam Sule mai shago ne ke rubutawa, ni nake faɗa, kuma na hana shi gyara mini ko kalma ɗaya.

Na shiga koyon zane da tsufana. Duk ranar kasuwa nakan hau mota zuwa Ɗambatta wurin wani Idi, mai zanen bayan manyan motoci. Ya ba ni guntun katako da buroshi uku da ragowar fentin mai a gwangwani. Kurmin bayan garinmu nake son zanawa, don jikokinmu sun ce ƙarya nake yi, wai nan ba a taɓa yin daji ba. Ban ga laifinsu ba, gona ce ke bin gona har inda ido ya tsaya.

Idi ya ce a fara da duhu, a tsinka fentin da kananzir, in ya sha iska a ɗora haske a kai. Na ƙi ji, ka san hali. Na labta kore mai kauri tun farko, ya kwana goma bai bushe ba, ya koma kamar kashin shanu. Na kankare na sake. Hannun da ya saba da fartanya ba ya jin maganar buroshi.

Wata uku ina fama. Na sa ɗorawa da tsamiya da kanya, ga hadarin damina ya haɗo daga gabas. A tsakiya na kafa gawon nan babba da muke ɗaure awaki a gindinsa, na cika shi da ganye.

Hajo matarka ta shigo ta daɗe tana kallo, sai ta ce gawo ba ya ganye da damina, sai da rani. Ni da na girma a inuwarsa, ni ne na manta. In na manta, Yaya, wa ya rage?

Kai ka fara sa masa gatari, shekarar farin nan da muka ci dusa. Baba ya sha faɗa mana cewa ba a taɓa gawo, shi ke ciyar da ƙasa, shi ke riƙe da akuya in ciyawa ta ƙare. Da mutane suka ga ka sare, kowa ya fito da nasa gatarin. Kafin damina biyu kurmi ya zama fili. Tun daga ranar ban sake sa hannu a kwano ɗaya da kai ba, har muka kai ka makwanci.

Abin da ban taɓa faɗa ba, yau Malam Sule ya ji. Ni na riƙe maka igiya ran nan. Geron da kuɗin itacen ya kawo, na ci tuwonsa, da shi 'ya'yana suka ga damina. Na bar ka da baƙin sunan, kai kaɗai.

Jiya na sa wuƙa na kankare ganyen, gawo ya tsaya tsirara kamar yadda muka san shi. Liman ya ce kada in zana mai rai, don haka ba zan iya sa ka a ciki ba. Sai na jingina gatarinka a gindinsa, na ajiye igiyata kusa da shi.

Allah Ya jiƙanka, Ya gafarta mana mu biyun, Ya haɗa mu a inuwar da ba a sarewa.

Ƙaninka,
Audu