Gurabe Biyu a Jadawalin Sadiyya

Malama, ki taimake ni, na rasa wanda zan faɗa wa. Na haura sittin. Na taɓa koyar da ilimin kwamfuta a wata kwaleji a gida, zamanin da ake miƙe wa malami. Yau gadin sito nake yi kusa da tashar jiragen ruwa ta Jidda, iƙamata, wato takardar izinin zamana, na hannun kafilin da ya tsaya mini, wanda ko sunana bai iya faɗa ba.

'Yata Sadiyya a nan aka haife ta. Jami'a ba ta samu ba, sai ta koya wa kanta rubuta manhaja a ɗakinmu na unguwar Hindawiyya. Watan jiya wani kamfani ya ba ta gwajin ɗaukar aiki, ta yi a gida ta aika. A ciki akwai jera lambobi bakwai a jadawali mai gurabe tara, kuma kamfanin sifiri yake so a guraben biyu da suka rage. Bayanin harshen kwamfutar da take aiki da shi ya ce idan lambobi suka gaza, za a koma farko a maimaita su. Can ƙasa kuma ya ce ana cike gurbi da sifiri inda ake buƙata. Ina ne ake buƙatar? Bai faɗa ba.

Ta tambaye ni. Na ce sifirin zai shiga da kansa, haka muka sani tun kafin a haife ta. Ta so ta gwada, na ce ɓata lokaci ne, ta aika kawai. Ashe maimaitawa ya yi. Jimla ta fito ba daidai ba, kamfanin suka ce halas, magana ta ƙare, sun ɗauki wani.

Tun ranar ba ta ƙara buɗe kwamfuta a gabana ba. In yi mata Hausa, ta amsa da Larabci, a gajarce. Ni dai laifin masu bayanin nake gani. Da ɗalibina ne ya rubuta haka, da na kayar da shi. Na shirya musu saƙon zagi. Abu ɗaya ya rage mini a garin nan: yarinyar ta ɗauke ni masani. In aika?

Tsohon malami, Hindawiyya

Baba, kada ka aika. Gaskiyarka, bayanin ya gaza, bai kamata a bar mai karatu da canke ba. Amma Sadiyya ta nemi ta gwada, ka hana. Zagi ba zai shafe wannan ba, kuma ina jin shi ya fi yi mata ciwo.

Ba zan ruɗe ka ba, wannan aikin ya tafi. Ka same ta, ka ce ita ce da gaskiya, kada ka haɗa da amma. Sannan ka roƙe ta ta gwada a gabanka, kai kana ɗalibi.

Masu irin waɗannan harsunan kwamfuta sukan karɓi gyara. Kai ka iya fayyace magana, ita ta iya gwaji. Ku rubuta sakin layin yadda ya dace, ku aika da sunanta, ba naka ba. Zai iya yi mata amfani a gwaji na gaba.

Mai yiwuwa ba za ta buɗe kwamfutar ranar ba. Ka jira, kada ka tambaya. Allah Ya sanyaya muku, Ya buɗe mata wata ƙofa.