Attaruhun Inna a Gwangwani

Gwarzo, ranar Asabar.

Zuwa ga ƙanena Sabi'u,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, kai da Lailatu da yara da duk mutanen Garo. Mu nan lafiya lau, sai godiyar Allah.

"Yaya, ki shuka kawai. Kafin su fito na kawo miki kara na kewaye miki filin bayan gidanki." Maganarka ce, ranar sadakar arba'in ɗin Inna, bakinka cike da waina. Na zaɓi takarda ne don ka daina ce min babu sabis a Garo.

To, sun fito. Ka tuna ƙullin tsumman da muka samu a ƙasan adakar Inna? Irin attaruhunta ne, mai ƙamshin nan da ba a samu a kasuwa. Ni da ban taɓa shuka ko albasa ba, na tara gwangwanayen madara, Malama Martina ta makarantarmu ta nuna min yadda zan huda gindinsu, in haɗa rairayi da taki. Na zuba irin kaf, ban rage ƙwaya ɗaya ba, saboda na yarda da kai. Nan karatuna bai yi min rana ba.

Yanzu littattafaina na zube a ƙasa, gwangwanaye sun hau kantar littattafan. Tsirran sun yi tsawo, sirara kamar zare, duk sun karkata wajen taga kamar masu jiran mota a tasha. Martina ta ce rana suke nema, in ba a fitar da su an dasa ba za su kwanta. In fitar da su ina? Kai manomi ne, ka san tun da aka kawar da amfanin gona aka saki awaki. Babu abin da suka raga wa a unguwar nan, har igiyar shanya.

Dami biyu na kara nake nema, Sabi'u, ba rabon gado ba.

Ka gai da kowa.

Yayarka,
Barira

Gwarzo, ranar Talata.

Sabi'u,

Gaisuwa da fatan alheri. Yaya Lailatu da yara? Kai ban tambayi lafiyarka ba, na san kana lafiya.

Baƙo direba, da ya kai maka takardata, ya ce ya same ka a sabuwar rumfa kuna dara da abokanka. Ya ce rumfar ta yi kyau, kara mai kauri. Allah ya sanya alheri.

Jiya na fitar da gwangwanayen zuwa filin bayan gidana su sha hantsi. Na zauna da sanda ina gadi, ni da girmana. Tukunya ta yi ƙauri, na shiga in sauke. Kafin in fito wata jar akuya ta gama da fiye da rabi, tana kallona tana tauna. Na yi kuka, Sabi'u. Ranar jana'iza na daure, jiya na kasa. Abin da ya rage a kantar nan shi ne ƙarshen irin Inna a duniya.

Na ba ka zuwa Juma'a bayan an sauko daga masallaci. In ban ga kara a ƙofar gidana ba, Asabar da safe zan shigo Garo a motar Baƙo. Rumfar ba zan taɓa ba, abokanka ba su yi min alkawari ba. Zanar makewayinka zan kwance, in naɗe, in taho da ita. Ka san ni. Sai ka yi wa mutanen Garo bayani daga tsugune.

Ki yi haƙuri, Lailatu, ki shiga maƙwabta kafin mijinki ya yi hankali.

Yayarka har yanzu,
Barira